Man sitiroyid mai ƙarfi: yadda ake shafa shi ya yi magani ba tare da ya cinye fata ba

Da zarar hunturu ya kankama a Bauchi, masu kemis sun san abin da zai fi fita a kantarsu: man ƙaiƙayi. Mutum zai shigo yana susar bayan gwiwa, ya ce a ba shi mai aiki nan take, a miƙo masa ɗan tub, ya shafa da daddare, kafin asuba ƙaiƙayin ya kwanta. Abin da ya kwantar da shi, galibi, sinadarin sitiroyid ne mai ƙarfi. Magani ne na ƙwarai. Tun 1952, da aka fara shafa hydrocortisone a Amurka, likitocin fata ba su samu abin da ya kai danginsa saurin kwantar da kumburin fata ba. Sai dai kaifinsa ne ya sa ake auna masa komai: cutar da ya dace da ita, wurin da za a shafa, yawan da za a matso, da ranar da za a ajiye shi.

Sitiroyid ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda. Abin da yake yi shi ne danne faɗan da garkuwar jiki ke yi a cikin fata, ya tsuke ƙananan jijiyoyin jini, ya rage saurin da fata ke sabunta kanta. Inda garkuwar ce ke faɗa ba gaira ba dalili, wannan dannewar ita ce sauƙi. Inda kuwa da abokin gaba take faɗa, kamar makero ko ƙazuwa, mai shafa shi ya ɗaure mai gadi ne ya bar wa ɓarawo gida.

Fara da karanta kwali

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe na kamfani ne. Abin dubawa shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasa ko a gefe, inda aka jera sinadaran. Ana kasa waɗannan mayuka hawa huɗu. Na ƙasa shi ne hydrocortisone 1%, mai sauƙi. Sai matsakaici, irin clobetasone butyrate 0.05%. Sai mai ƙarfi, wanda shi ne abin da muke magana a kai: betamethasone valerate 0.1%, wato Betnovate, da betamethasone dipropionate 0.05%, da mometasone furoate 0.1%. Can sama kuma akwai clobetasol propionate 0.05%, wanda aka fi sani da Dermovate, shi ne ƙarshen ƙarfi.

Lambar da ke gaban suna tana yaudara. Wanda ya ga 1% ya ga 0.05% zai ɗauka na farkon ya fi ƙarfi, alhali clobetasol ya ninka hydrocortisone sau ɗaruruwa. Sunan sinadarin ne ke faɗin ƙarfi, ba lambar ba. A kuma lura da sunaye masu kama: clobetasone da clobetasol baƙaƙe biyu ne suka raba su a rubutu, amma hawa biyu ne tsakaninsu a aiki. Haka hydrocortisone butyrate 0.1%, shi ba mai sauƙi ba ne, yana cikin masu ƙarfi.

Akwai kuma mayukan uku-a-ɗaya da suka cika kasuwa daga Wunti har Muda Lawal, waɗanda da yawa ba su ma san da sitiroyid a cikinsu ba. Funbact-A yana ɗauke da betamethasone tare da clotrimazole da neomycin. Skineal yana ɗauke da clobetasol tare da ketoconazole da neomycin. Duk ƙa'idar da ke cikin wannan rubutu ta hau kansu. A ganinmu ma sun fi buƙatar taka-tsantsan, domin an saba ɗaukarsu a matsayin man komai da ruwanka.

Siffar man ma tana da magana. Akwai fari mai laushi da ke shigewa fata da wuri, wato kirim, akwai mai maiƙo kamar basilin. Mai maiƙon ya fi dacewa da busasshiyar fata mai kauri ko mai saɓa, ya fi ratsawa, kuma ba a cika zuba masa sinadaran hana lalacewa da kan sa wa wasu zafi ba. Kirim ya fi a wurin da ke tsatsar ruwa, da lokacin zafin Maris zuwa Mayu da maiƙo ke damun mutum. Na fatar kai kuma ruwa-ruwa ake yi, don ya ratsa gashi.

Cutar tasa ce kuwa?

Nan ne aka fi yin asara. Abin da mutane ke kira egzima a kasuwa ƙyasbi ne: ɗigo-ɗigon fari ko baƙi a ƙirji, baya, wuya da fuska, mai ɗan gari idan an kankare. Ƙwayar cuta ce mai suna fangi ke kawo shi, maganinsa clotrimazole ko sabulun ruwa na ketoconazole, sitiroyid kuwa taki yake zame masa. Egzimar da likita ke nufi daban ce, ita ce wasu ke kira kirci: fata ta bushe, ta yi kaushi, ta yi ƙaiƙayi mai hana barci, yawanci a lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya da wuyan hannu, tana lafawa tana tashi, kuma sau da yawa akwai mai asma ko yawan atishawa a gidan. Kalma ɗaya, cuta biyu, magani kishiyar juna.

Bayan egzima ta ainihi, man mai ƙarfi yana aiki a kan fatar da ta yi bori saboda wani abu da ta taɓa: baƙin lalle da aka haɗa da dayis, ɗan kunne ko kan bel na ƙarfe, siminti a hannun magina, omo a hannun mai wanki, robar silifa. Yana aiki a kan soriyasis, mai falle-fallen saɓa masu kauri a gwiwa da fatar kai, da kuma facin fatar da susa ta mayar kamar ƙirgi a idon sawu ko ƙeya.

Ga yadda makero ke yi idan an shafa masa. Yaro ne da zagayayyen tabo a kumatu, girman kwabo, bakinsa ya ɗan tasa, tsakiyarsa ta fi santsi. Kwana uku da fara shafa uku-a-ɗaya ƙaiƙayi ya tafi, bakin ya kwanta, uwa ta ce an dace. Aka daina, bayan mako ya dawo ya ninka girmansa. Aka koma shafawa. Bayan wata biyu babu sauran da'ira, sai wani shimfiɗaɗɗen faci mara iyaka da ya kai kunne, da 'yan ƙuraje a jikinsa, wanda ko likita sai ya kankari fatar an duba a na'ura kafin ya gane makero ne. Maganin fangin da ke cikin haɗin bai iya rinjayar sitiroyid ɗin da ke gefensa ba. Makeron fatar kai kuwa, mai cinye gashin yara, babu man shafawar da ke warkar da shi, sai maganin sha irin griseofulvin na mako 6 zuwa 8.

Ƙazuwa tana da tata shaidar: ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, yana tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da al'aura, kuma ba mutum ɗaya ke susa a ɗakin ba. A makarantun kwana da tsangayu takan zaga kowa. Maganinta permethrin 5% ko benzyl benzoate, a yi wa duk 'yan gida rana ɗaya, a wanke shimfiɗa. Kada kuma a shafa sitiroyid a kan ƙurajen fuska na balaga, ko maruru, ko gyambo, ko ƙurajen zazzaɓi na leɓe, ko ƙyanda da ƙarambau. Farin faci da ba ya jin taɓi ko tsinin allura shi ma ba nasa ba ne, wannan a gwada kuturta, maganinta kyauta ne.

Saboda haka shafawar farko ta biyo bayan idon likita. Idan abin ya rikice a ƙaramin asibiti, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Wanda ya riga ya shafa wani abu ya faɗa, domin man yana sauya kamannin cuta.

Awo da gaɓar yatsa

"A shafa kaɗan" ba awo ba ne. Wani zai ji tsoro ya ɗan dangwala abin da ba zai yi komai ba, ya yi wata uku yana fama. Wani ya lafta kamar yana shafe ɗaki. Wasu likitoci biyu a Birtaniya, Long da Finlay, sun fitar da awo mai sauƙi a 1991, kuma har yau shi ake bi. A miƙe yatsa manuni na babban mutum, a matso man a miƙe tun daga layin gaɓar da ke kusa da farce har kan yatsa. Wannan shi ne gaɓa ɗaya. Daga tub mai bakin milimita 5, nauyinsa kusan rabin giram ne, kuma yana isar fili mai faɗin tafin hannu biyu na babba, har da yatsu a haɗe.

Don haka kafin a buɗe tub, a ɗora tafin hannu a kan wurin a ƙirga. Faci mai girman tafi ɗaya rabin gaɓa yake so. Idan gaɓa ce ta jiki sukutum ta kamu, ga lissafin babban mutum: hannu ɗaya ciki da baya, daga wuyan hannu zuwa yatsu, gaɓa 1. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu gaɓa 3. Ƙafa daga cinya zuwa idon sawu gaɓa 6, sawu kuma 2. Ƙirji da ciki gaɓa 7, baya har ɗuwawu 7.

Amfanin wannan lissafi shi ne yana nuna wa mutum ko yana kan hanya. Tub mai giram 15 gaɓa 30 ne, mai giram 30 gaɓa 60. A ce egzima ta kama lanƙwasar hannu biyu da bayan gwiwa biyu, kowanne kamar tafi ɗaya. Tafi huɗu ke nan, gaɓa 2, giram ɗaya a rana. A mako biyu giram 14, wato ƙaramin tub ɗaya ya ƙare daidai. Idan ya ƙare a kwana huɗu, ana laftawa ko ana shafa wa lafiyayyar fata. Idan an yi wata biyu bai kai rabi ba kuma ana ta susa, ba a shafa abin da ya isa. Wannan na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma shi ke sa a ce magani ba ya aiki a tafi neman wanda ya fi ƙarfi.

Clobetasol yana da iyaka a rubuce: babban mutum kada ya wuce giram 50 a mako.

Yadda ake shafawa

Sau ɗaya a rana ya ishi yawancin masu ƙarfi. Sau biyu shi ne ƙarshe, sai in likita ya ce. Na uku da na huɗu ba sa ƙara sauƙi, illa kawai suke ƙarawa.

Lokacin shafawa a nan yana tafiya ne da alwala. Man da aka shafa a hannu ko sawu da ƙarfe ɗaya na rana, alwalar Azahar za ta tafi da shi. Mafi kyawu shi ne bayan sallar Isha, in an gama wanke-wanke da komai, ya kwana yana aiki. In sau biyu aka ce, na farkon ya zama bayan sallar Asuba, domin daga nan zuwa Azahar akwai tazara mai tsawo.

A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ruwan zafi yana da daɗi a kan ƙaiƙayi, amma yana kwashe maiƙon fata, bayan awa ɗaya susar ta dawo sabuwa. A ajiye soso mai kaushi, da sabulun da aka ce na kashe ƙwayoyin cuta, da ɗiga Dettol a bokiti. A dangwale jiki da tawul, kada a goge. Sannan a wanke hannu, a auna, a ɗiɗɗiga man a kan facin, a shafa a hankali ta inda gashi ya kwanta har ya bar ɗan sheƙi. Ba a murzawa da ƙarfi, murza susa ce. A tsaya a iyakar ciwon. A sake wanke hannu bayan an gama, sai fa in hannun ake yi wa magani, domin yatsan da ya taɓa man ba ya rasa kaiwa ido.

Rabin maganin egzima ba sitiroyid ba ne, mai ne na laushi: basilin fari mara turare, ko man kaɗanya tsantsa. Shi ana shafa shi ko'ina, sau biyu zuwa huɗu a rana, ranar ciwo da ranar lafiya, musamman a hunturu. Babban mutum mai egzima a jiki da yawa zai iya cinye giram 250 zuwa 500 a mako, wannan ba ɓarna ba ce. A bar kamar minti 30 tsakaninsa da sitiroyid. In an haɗa su lokaci ɗaya, maganin zai tsinke kuma ya bazu zuwa inda ba a so. A riƙa ɗibar basilin da cokali mai tsabta maimakon tsoma yatsa. Wani abu da ba a cika faɗa ba: riga ko zanen da ya sha basilin yana saurin kama wuta. Mai girki a murhu da mai jin ɗumi a bakin garwashi su kula.

Kada a ɗaure wurin da leda ko bandeji don wai ya fi shiga. Yana fin shiga kuwa, har ninki goma, kuma nan matsalar take. Likita kan yi haka da gangan a kan fata mai kauri na 'yan kwanaki, amma ba aikin gida ba ne.

Inda ba ya zuwa

Fata ba kaurinta ɗaya ba. Tafin hannu da tafin ƙafa da ƙyar magani ke ratsa su, shi ya sa suke buƙatar mai ƙarfi. Fatar ido, fuska, wuya, hammata, ƙasan nono, matsematsi da al'aura kuwa sha suke yi. Fatar maraina tana shan abin da ya ninka na damtsen hannu kusan sau 40. Ga shi kuma a lanƙwasa fata na rufe fata, ga gumi, tamkar an ɗaure da leda. A waɗannan wurare hydrocortisone 1% ake fara sawa. In likita ya ga dole a sa mai ƙarfi a hammata ko matsematsi, kwana 7 zuwa 14 ne. A fuska, mai ƙarfi ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne ko na kwana ɗaya. A kewayen ido yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma hawan jinin ido ba ya sallama, sai gani ya fara tafiya ake farga.

Ranar ajiyewa

A baƙar fata kumburi ba ya yin ja kamar yadda ake gani a hotunan littattafan Turawa. Yakan yi duhu, ko toka-toka, ko ruwan hoda mai duhu. Bayan ya warke kuma yakan bar tabo, baƙi ko fari, da kan ɗauki watanni kafin ya saje. Wannan tabon ba ciwo ba ne, sawun ciwo ne, kuma sitiroyid ba ya goge shi. Wasu daga cikin waɗanda man ya lalata wa fata a nan suka faɗa: ciwo ya warke tun mako na biyu, suka ci gaba da shafawa wata shida suna jiran launi ya dawo.

Yatsa ake tambaya, ba madubi ba. A rufe ido a shafa wurin. In ya yi santsi daidai da fatar da ke gefensa, ba kaushi, ba tudu, ba ƙaiƙayi, an gama. A ƙara kwana biyu, sannan a ajiye, a ci gaba da basilin kaɗai. A jiki da hannuwa da ƙafafu wannan kan ɗauki kwana 7 zuwa 14. Fata mai kauri sosai da soriyasis kan kai mako huɗu, amma da sanin likita. Clobetasol ba a wuce mako huɗu a jere, sau da yawa ma biyu ne, daga nan a sauko zuwa mai sauƙi. Mai soriyasis kada ya yanke mai ƙarfi rana ɗaya bayan ya daɗe a kai, takan dawo da fushi, a sauka hawa-hawa.

Wanda egzimarsa ke dawowa wuri ɗaya duk wata, akwai dabarar da likitoci ke bayarwa: bayan ta kwanta, a riƙa shafa wa wurin kwana biyu a jere kowane mako, a ce Asabar da Lahadi, sauran kwana biyar mai na laushi kawai. A ƙarshe man da za a kashe bai kai na mai jira ta tashi ba.

In an yi mako guda ana shafawa daidai babu sauƙi, kada a hau sama. Dalilan ba su da yawa: ko cutar ba ita ba ce, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko har yanzu ana taɓa abin da ke tayar da ita, ko man ne kansa fata ba ta so, neomycin ya shahara da haka, ko kuma jabu aka saya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a saya a kantin magani mai rajista, ba a faranti a rana ba.

Wasu alamu ba sa jiran mako. Ɓawon ruwan zuma a kan ciwon, mugunya, zafi da kumburi mai yaɗuwa, ko zazzaɓi, ƙwayar bakteriya ce, ana buƙatar maganinta. In kuwa ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya suka fito a tare, suka fashe suka bar 'yan ramuka kamar an huda da tsinke, ga raɗaɗi, ga yaro ya yi laushi, a dakatar da man a tafi asibiti a ranar. Ƙwayar bairos ce ta hau kan egzimar, tana iya taɓa ido, kuma aciclovir take so da gaggawa.

Abin da yake yi wa fata in an zarce

Mako biyu a inda ya dace da wuya ya bar wata illa. Watanni ne ke ɓarna. Fata takan yi siriri tana sheƙi kamar ledar da aka ja, jijiyoyi su fito, ɗan bugu kaɗan ta yi tabo ko ta tsage, rauni ya ƙi warkewa. Nankarwa ta tsattsaga hammata, cinya da ƙirji, faffaɗa mai duhu, ba irin ta haihuwa ba. Siririn fata kan ɗan farfaɗo in an daina da wuri. Nankarwa ba ta komawa.

A fuska labarin ya fi tsawo, kuma nan ne ya haɗu da bilicin. Hasken da sitiroyid ke sawa illa ce daga cikin illolinsa, ita masu haɗa mai suka mayar haja, suna matse tub biyu ko uku cikin robar man shafawa. Wata na farko fuska ta yi fes. Zuwa wata na huɗu ƙananan ƙuraje iri ɗaya sun fito a goshi da haɓa da kewayen baki, gashi ya tsiro a kumatu, rana kaɗan fuska ta ɗauki zafi, ƙyasbi da makero sun samu gona. In mai shafawar ta daina kwana uku sai fuskar ta yi raɗaɗi kamar an watsa barkono, ta koma shafawa, ta ce man ne kaɗai ke mata magani. Shi ne ciwon. Tsinka shi da wani mai ba ya rage haɗarin, faɗaɗa filin da zai shiga jini kawai yake yi.

Yana shiga jini kuwa. In ana shafa mai yawa a fili mai faɗi na tsawon lokaci, jiki kan rage yin nasa sinadarin kotisol, wato sitiroyid ɗin da yake haɗawa da kansa, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya yi teɓa, suga da hawan jini su tashi. Mai ciwon suga ya riƙa gwaji in an ɗora shi a kan mai yawa.

Yara, masu ciki da masu shayarwa

Yaro fatarsa siririya ce, kuma faɗinta ya yi yawa a kan nauyinsa, don haka abin da babba zai ɗauka lafiya shi zai shige masa jini. Ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba a sa masa mai ƙarfi sai da umarnin likitan fata. Awonsa da yatsan babba ake yi, amma adadin ya ragu: ɗan shekara 1 zuwa 2, hannu sukutum gaɓa ɗaya da rabi, ƙafa sukutum gaɓa 2. Ɗan shekara 6 zuwa 10, hannu gaɓa biyu da rabi, ƙafa huɗu da rabi.

Uwa, famfas ɗauri ne. Duk abin da kika shafa a ƙarƙashinsa ninkawa yake yi. Ƙurajen famfas iska suke so, da yawan canji, da man zinc ko basilin. Al'adar matsa uku-a-ɗaya cikin man jariri don ya yi haske ko ƙurajen zafi su mutu tana da mugun sakamako: jaririn zai yi fari, kumatu su cika, 'yan barka su ce tubarkalla ya yi ƙiba, alhali kumburin sitiroyid ne, tsayinsa ya tsaya, garkuwarsa ta yi rauni. Wadda ta riga ta yi makonni tana yi kada ta yanke da kanta, ta kai shi asibiti da tub ɗin a hannu.

Mai ciki za ta iya amfani da mai sauƙi ko matsakaici. Mai ƙarfi sai in dole, kaɗan, na ɗan lokaci, domin an danganta yawansa, sama da giram 300 a tsawon cikin, da haihuwar jariri mara nauyi. Mai shayarwa in a nono ne ciwon, ta shafa bayan ya gama sha, ta wanke kafin ta sake ba shi.

Wanda ya riga ya daɗe a kai

In ƙaramin wuri ne kamar fuska, hanyar ita ce a daina, amma a san abin da ke tafe: raɗaɗi, duhu ko ja, saɓa da ƙuraje, daga 'yan kwanaki bayan dainawa, kuma yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. A wanke da ruwa zalla ko sabulu mara ƙarfi, a shafa basilin, a ɗora tsumma mai sanyi in zafin ya taso, a guji rana. Likita zai iya saukar da mutum zuwa hydrocortisone na ɗan lokaci, ko ya ba da man tacrolimus wanda ba sitiroyid ba ne kuma ba ya sirantar da fata, ko doxycycline na sha saboda ƙurajen, ban da mai ciki da ƙananan yara.

In kuwa jiki duka ake shafawa watanni, kamar masu man haɗi, yankewa rana ɗaya haɗari ce, domin jiki ya manta yadda zai yi nasa kotisol. Kasala mai tsanani, jiri, amai ko faɗuwa bayan dainawa na buƙatar asibiti nan take. Irin wannan a hankali ake janye shi, bisa tsarin likita. A tattara duk abin da ake shafawa a leda a tafi da shi, har robar haɗin da ba ta da suna. Wadda za a yi wa tiyata, ko ta haihuwa ce, ta faɗa wa likita tun kafin ranar, saboda ɗinki a siririyar fata da kuma yadda jiki zai ɗauki wahalar aikin.

Tub ɗin da ya rage bayan an warke a rufe bakinsa da kyau, a rubuta a kwalin sunan mai shi da wurin da aka ce a shafa. A ajiye shi a inuwa mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, ba a aljihun mota ko saman taga ƙarƙashin kwano ba, domin zafin Afrilu a Bauchi ya wuce digiri 25 zuwa 30 da aka rubuta a jikinsa nesa. In ya tsinke ya rabu ruwa daban mai daban, ko warinsa ya sauya, a jefar. Maƙwabciya in ta zo aro don ɗanta na susa, a tambaye ta ko shi kaɗai ke susar a ɗakin.